Neman kalma: "handicap" a wasan golf, kafin ƙarfe huɗu

Mai-Shirin-Wasanni: Salamu alaikum. Jama'a a taimaka min, ƙarfe huɗu za a ɗauki shirina, kuma akwai minti uku kan yadda gwani da ɗan koyo suke buga golf tare ba tare da an ci zalin kowa ba. Kalmar "handicap" ce ta tsaya min a wuya. Ƙamus ya ce "nakasa", wannan kuwa ba ta faɗuwa. Ga misalin da ke rubutuna: gwani mai handicap 6 ya haɗu da ɗan koyo mai 24, tsakaninsu 18, sai a rage wa na biyun bugu ɗaya a kowane rami cikin ramuka 18, tunda a golf mai ƙarancin bugu ne ke ci. Gwani ya zura ƙwallo da bugu huɗu, ɗan koyo ya zura da biyar, sun yi canjaras.

Baban-Ummi: Rangwame. An gama.

Ɗan-Autan-Aji: Ko rata? Ya ba shi ratar bugu 18.

Baban-Ummi: A'a ƙanena, in ka ce ya ba shi rata, kowa zai ji ya tsere masa ne.

Uwar-Biyu: Malam, rangwame rabin aikin kawai ta yi. Ni ina bugawa, kuma abu biyu ne Bature ya ɗaure da igiya ɗaya. Akwai lambar da ke biye da mutum duk filin da ya je, wadda ake fitarwa daga wasanni 8 mafi kyau cikin 20 da ya buga a baya-bayan nan. Tsarin da hukumomin golf na R&A da USGA suka kawo ke nan a 2020, iyakarta 54, kuma ƙanƙantarta ita ce gwaninta. Sannan akwai bugun da ake yafe maka ranar wasa. Ni 28 nake, maigidana 9, tsakaninmu 19. Katin ƙirga ya jera ramuka daga mafi wuya zuwa mafi sauƙi, 1 zuwa 18. Kafin mu fara sai in ɗiga fensir sau ɗaya a kowane rami, sau biyu a mafi wuyan. Ɗigon nan rangwame ne, na yarda. Amma ba na cewa "rangwamena 28".

Tsohon-Malamin-Hausa: Madaidaici. Daga "daidaita", kamar yadda muka samu mataimaki daga "taimaka". Ya ɗauki ma'anar biyu. Kuma wa ya ce ku riƙa rubuta "golf"? Ƙwallon lambu ta yi muku laifin me?

Ɗan-Autan-Aji: Ranka ya daɗe, lambun da ba a shuka komai sai ciyawa da yashi?

Tsohon-Malamin-Hausa: Da irin wannan dariyar harshe ke mutuwa. Ƙwallon kwando ma ai wani ne ya ƙirƙira, kunne ya saba.

Baban-Ummi: Malam, madaidaici ya fi kama da alƙalin wasa. Mai sauraro zai zaci mutum ne.

Tsohon-Malamin-Hausa: To madaidaiciya. Rangwame dai kalmar ciniki ce, ta mai roƙon a rage masa. Wane ɗan wasa mai mutunci ne zai so a ce da rangwame ya ci?

Uwar-Biyu: Nan kam Baba ka taɓa inda ke min ƙaiƙayi. Duk ran da na doke maigidana, sai ya ce alfarma aka yi min. Alhali ba roƙo na yi ba, lissafi ne, shi ma in ya haɗu da mai sifiri bugu tara ake yafe masa kuma bai taɓa mayarwa ba. A sukuwar dawaki ta Turawa ma kalmar ce dai, sai dai can dokin da ya fi gudu ake ƙara wa nauyi.

Mai-Shirin-Wasanni: Saura minti ashirin. Zan ce "rangwamen bugu" ga abin da ake yafewa, lambar kuma "awon gwaninta", in ambaci ta Turancin sau ɗaya a farko.

Uwar-Biyu: Ka dai faɗa musu ƙaramar lamba ce babba, in ba haka ba za su ɗauka na fi maigidana iyawa.

Tsohon-Malamin-Hausa: Awon gwaninta ba laifi, tunda babu Turanci a ciki. Rangwame kuwa ban sa hannu ba. Ka ce ƙwallon lambu ko sau ɗaya ne.

Mai-Shirin-Wasanni: Sau ɗaya, Baba. Na shiga ɗakin ɗauka.