Shekara 63 bai koma gida ba: garinsu Chagall yake zanawa, ko kewa yake sayarwa?

Nura: Salamu alaikum 'yan uwa. Tun shekaranjiya da Anti Hadiza ta ɗora mana hoton zanen nan na Marc Chagall, mai koriyar fuskar mutum yana kallon dabba ido cikin ido, kowa sai cewa yake wannan bawan Allah ya riƙe garinsu. Ni dai ban yarda ba. Mai zane ne Bayahude, an haife shi a Vitebsk a 1887, garin da ke cikin Belarus a yau. Ya bar Rasha a 1922, ya mutu a kudancin Faransa a 1985, kuma tsakanin nan bai sake taka garin ba. Ko zanen da Anti ta ɗora, wanda ya kira "Ni da Ƙauye", a Paris ya yi shi a 1911. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A ganina kewa ce ya gano Turawan Paris suna so, shi kuma ya yi ta sayar musu har tsufansa.

Hadiza: Wa alaikumus salam. Nura ƙanina, a 1911 wa zai sayar wa? A shekarun nan yana wani gini da ake kira La Ruche, inda matalautan masu zane 'yan ci-rani ke haya, kusa da mayankar birnin. Bai iya Faransanci ba, babu wanda ya san shi. Da kasuwa yake nema, ai da ya zana abin da 'yan Paris suka saba saye. Sai ga shi yana zana mai tatsar nono, da gidajen katako, da mai goge a kan rufi.

Ibrahim Damagaram: Anti, ni ina bayan Nura ta wani ɓangare. Vitebsk fa ba ƙauye ba ce. A ƙidayar 1897 tana da mutum wajen dubu 66, kusan rabinsu Yahudawa. Jirgin ƙasa na bi ta cikinta, kuma tun 1898 take da taragon lantarki na cikin gari. Ina waɗannan a zanen da ya yi suna da su? Akuya da saniya kawai muke gani. Ya mayar da birni ƙauye saboda ƙauye ya fi taɓa zuciya.

Hadiza: Malam Ibrahim, ka tambayi a wace Vitebsk ya tashi. Mahaifinsa leburan wani ɗan kasuwar kifi ne, gangunan kifi mai gishiri yake ɗauka. Mahaifiyarsa na da ɗan shagon kayan masarufi. Su tara ne a gidan, shi ne babba. Kakansa kuma mahauci ne a wani ƙaramin gari da ake kira Liozna, inda yake zuwa yana yaro. Shanun nan da kake gani, a can ya gan su ana yankawa. Yaron unguwar talakawa abin da ke ƙofar gidansu ya sani.

Alhaji Bawa Kumasi: Yara, ku bari tsoho ya sa baki. Ni a zango aka haife ni. Kakana fataucin goro ya kawo shi daga ƙasar Katsina, bai koma ba har Allah ya karɓi abinsa. Kullum da dare sai ya zana mana garinsu da baki: rijiyar da ke bayan masallaci, tsamiyar da ake ɗaure jakuna, muryar ladan. Da na girma na je, ban tarar da rijiyar ba, tsamiyar an sare ta, wurin ya zama shaguna. Shin kakana ƙarya ya yi mana? Wallahi bai yi ba. Garin da ya bari shi ya ba mu, kuma yau a bakinmu kaɗai ya rage. Mutanen can ma da na ba su labarin tsamiyar, tsofaffi biyu ne kawai suka tuna da ita.

Nura: Allah ya ƙara girma Baba. Amma kakanka bai karɓi kuɗi a kan labarin ba.

Alhaji Bawa Kumasi: Gaskiya ne ɗana. To amma maroƙi ma ana biyansa, kuma asalin da yake faɗa bai zama ƙarya don an ba shi kyauta ba.

Malam Usman: Ni wani abu ne ya ɗaure mini kai. Na ji an ce gidansu masu riƙon addini ne sosai, 'yan ɗarikar Hasidi. Su ma Yahudawa ai suna da hani a kan yin siffar mai rai, kusan irin muhawarar da malamanmu ke yi a kan zanen mutum da dabba. To wanda ya tsallake wannan ya kama zanen mutane, daga baya har ya yi wa coci-coci tagogi a Metz da Reims na Faransa da Mainz na Jamus, ta yaya za a ce ya riƙe gida?

Sa'adatu: Malam, hanin nasu malamansu sun yi saɓani a kan iyakarsa, kuma malamin da ya fara koya masa zane a Vitebsk, Yehuda Pen, Bayahude ne da ya shafe rayuwarsa yana zana tsofaffin garin. Sannan Chagall ya san inda iyakar take. Tagogi 12 da ya yi wa ɗakin ibadar asibitin Hadassah a Birnin Ƙudus a 1962, na ƙabilu 12 na Bani Isra'ila, babu siffar mutum ko ɗaya a cikinsu. Dabbobi ne da tsuntsaye da kifaye da alamomi.

Amma Yaya Nura, kai nake so in amsa wa, domin akwai shekarar da ka tsallake a lissafinka. Chagall ya tsere daga Faransa a 1941, lokacin yaƙin duniya na biyu, da taimakon Ba'amurken nan Varian Fry mai fitar da mutane ta Marseille. Ya sauka New York a watan Yuni, daidai lokacin da Jamus ta afka wa Tarayyar Sobiyat. A watan Yuli sojojin Hitila suka shiga Vitebsk, suka killace Yahudawan da suka rage, a watan Oktoba suka kashe dubbai daga cikinsu. Kafin yaƙin ya ƙare, yawancin garin ya zama kufai. To kana cewa bai koma ba. Ya koma wajen wa? Matarsa Bella, wadda ya aura a garin a 1915, wadda kake gani tana shawagi a sama a zane-zanensa, ita ma ta rasu a Amurka a 1944. A shekarar nan ya rubuta wa Vitebsk buɗaɗɗiyar wasiƙa, kuma da Yiddish ya rubuta ta, harshen gidansu. Mutumin da ke neman kasuwar Turawa ba ya rubutu da harshen da masu sayensa ba sa ji. Ni duk lokacin da na kalli "Sama da Vitebsk" na 1914, tsohon nan mai sanda da buhu a baya yana ratsa sararin gari cikin dusar ƙanƙara, jikina sanyi yake yi, domin an zana shi shekara 27 kafin a kawar da irinsa daga titunan.

Nura: Sa'adatu, wannan na karɓa. Ban haɗa 1941 da maganata ba, kuma ya kamata in haɗa. Zanen 1911 zuwa 1920 na janye bakina a kansu, har da "Sama da Vitebsk". Dama a 1914 yaƙi ya tsare shi a gida, idonsa na kan abin da yake zanawa. Amma ku ma ku yi mini adalci a kan na baya. Bayan ya koma Faransa a 1948, ango da amarya a sama, akuya da goge, furanni, shuɗin launi, su ne dai yau da gobe. An buga dubban kwafe ana sayarwa. Nan kam sana'a ce.

Ibrahim Damagaram: Kuma tun 1923 ya fara. Zanen nan na Bayahude mai addu'a, sanye da mayafin ibada baƙi da fari, a 1914 ya yi na asali, sannan da ya isa Paris ya sake zana irinsa.

Hadiza: Ya sake, amma ka faɗi dalili. Kafin yaƙin duniya na farko ya bar zane-zane masu yawa a Berlin wajen Herwarth Walden, wanda ya shirya masa baje koli a 1914. Da ya dawo a 1922 ya tarar an sayar da su, kuɗin kuma hauhawar farashi ta cinye. Mutumin da aikin ƙuruciyarsa ya salwanta, dole ya ji tsoron rasa sauran. Kuma tsohon da ke cikin zanen mabaraci ne da ya shigo gidansu, Chagall ya yafa masa mayafin addu'ar mahaifinsa ya zaunar da shi. Duk kwafin da ya yi, mayafin ubansa yake sake zanawa.

A kan ayyukan tsufansa, Nura, ba zan yi maka musu duka ba. Akwai waɗanda ni ma na gaji da su, zaƙinsu ya yi yawa. Sai dai a shekarun nan ne ya zana silin gidan opera na Paris a 1964, yana da shekara 77, wasu Faransawa na ƙorafin an ba baƙo ɗan Rasha aikin, alhali tun 1937 yake da takardar zama ɗan ƙasa. Su kansu ba su yarda ya zama nasu ba.

Malam Usman: To a 1973 fa? Na ji an gayyace shi Tarayyar Sobiyat.

Sa'adatu: Ya je. Ya sauka Mosko, aka fito masa da manyan zanen bango da ya yi wa gidan wasan kwaikwayon Yahudawa a 1920, ya sa musu hannu bayan shekara fiye da 50. Ya je Leningrad, wato Saint Petersburg ta yau, ya ga 'yan uwansa mata. Vitebsk ce bai je ba.

Nura: Kun ga inda nake tsaye ke nan. Ƙofa ta buɗe, ya ƙi shiga. Ni na ɗauka ya san idan ya ga garin na gaske, wanda ke cikin zanensa zai rushe.

Alhaji Bawa Kumasi: Ko kuma ya san maƙabarta zai tarar. Ɗana, ni da na dawo daga Katsina, mahaifina yana raye, ya tambaye ni tsamiyar. Na ce masa tana nan.