Camry 2000 tana ɗaukar zafi a doguwar hanya, bakanike ya ce sai an buɗe inji

Mai Fensir Layit:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sanin mota ku bani shawara kafin in zubar da kuɗi a banza. Camry ce dani ta 2000, inji 2.2 silinda huɗu, shekara shida kenan tana hannuna tun da na saye ta 'yar Kwatano kuma tsakani da Allah bata taɓa wahalar dani ba sai da wannan matsalar ta ɗaukar zafi. A cikin gari lafiya lau take, ko a gosulon Kurna na tsaya allurar zafi tana can ƙasa abinta. Amma da na hau hanyar Zariya na taka ta kai 110 ga AC a kunne, kafin in kai Kwanar Ɗangora sai inga allura tana rarrafowa sama a hankali har ta kusa ja, in na kashe AC na sassauta ƙafa sai ta sauko.

Bara da zafin azumi ta taɓa min haka sau ɗaya, bakanikena ya cire tamostat (bawul ɗin da ke tare ruwa har sai inji ya yi zafi) ya wurgar yace ai na ƙasar sanyi ne, ya kira riwaya ya haɗa fanka dairek, da ka murɗa makulli ta tashi. Tun daga nan shan mai ya ƙaru, ni na sani tunda aljihuna ne ke faɗa min. Yanzu da abin ya dawo yace gaskit ne (shimfiɗar da ke tsakanin inji da kansa) ya ƙone, a sauke tof, wato kan injin, a kai wajen masu gogewa, kuɗin da ya yanka min kuwa sai da na zauna. Duk sati ina ƙara ruwa kamar ledar fiya wata ɗaya. Baƙin mai dai na duba yana nan da kalarsa. In bari ya buɗe ko da abin da zan fara dubawa?

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam. Ɗana kar ka bari a kwance ko noti ɗaya a kan injin nan tukuna. Inji in aka buɗe shi a gindin bishiya ba kasafai yake komawa yadda kamfani ya ɗaure shi ba, balle in da hannu za a ɗaure kusoshin tof babu sifanar awo.

Ka lura da inda take ɗaukar zafin. Motar da ke zafi a gosulo ta huce in an samu hanya, wannan maganar fanka ce. Taka kuwa akasin haka take yi, a 110 iskar da ke shiga ta gaba ta fi ƙarfin duk wata fanka, to in har da wannan iskar ruwa bai huce ba ko dai ruwan baya ratsa lagireto yadda ya kamata ko iskar bata ratsa shi. Shi yasa haɗa fanka dairek ɗin nan bai maka maganin komai ba, batir da altaneta kawai ake wahalarwa.

Gobe da sassafe kafin ka tada ta, inji da sanyi, buɗe murfin lagireto ka cika ruwa har wuya, ka tada, wani ya ɗan taka maka totur kai kuma ka zuba ido a bakin. Ƙwaya biyu uku na kumfa ba komai bane iska ce ke fita, amma in ka ga yana ɓulɓulowa ba tsayawa kamar an sa tsinken shan lemo ana hurawa, to bakanikenka ya yi gaskiya. In baka gani ba mayar da murfi ka sake tadawa ka matsa tiyon sama, in ya ƙame kamar icce cikin minti ɗaya alhali inji bai ko yi ɗumi ba, shima alama ce. Ka leƙa ƙarƙashin murfin da ake zuba baƙin mai ko akwai abu kamar kunun gyaɗa, ka sa a zare fulogi huɗun a jera su, wanda ruwa ke shiga silindarsa zaka ganshi fes kamar an wanke shi da sabulu alhali sauran da ɗan baƙinsu. Kuma kyan baƙin mai kaɗai baya wanke gaskit daga zargi, wani ƙonewar tsakanin silinda da hanyar ruwa take, bata taɓa mai ba. Akwai ma wani shuɗin ruwa da wasu garejin ke gwadawa a bakin lagireto, in hayaƙin inji na shiga ruwa sai ya koma ɗorawa.

In duk wannan bai nuna komai ba, zaga da ita ta yi zafi, kashe, ZARE MAKULLI tunda fankarka dairek ce, sannan ka shafa jikin lagireton ta bayan fanka. In gefe da zafi tsakiya da sanyi, ya toshe. Wane ruwa kake zuba mata duk shekarun nan?

Mai Fensir Layit:

Baba na gode Allah ya ƙara girma. Gaskiya ruwan burtsatsen gidanmu ne, in ina hanya kuma fiya wata. Ban taɓa sayen kulant ba, ruwan lagireto mai kalar nan da ake sayarwa.

Direban Golf Kano-Katsina:

Ni dai maganar tamostat ɗin nan ban yarda laifi bane. Shekara goma sha ina jan mota a tasha, babu wacce na riƙe ban cire mata ba, kuma kullum sai na yi sawu biyu. Bature don ƙanƙararsu ya saka, mu nan da rana ke kai 42 a watan Afrilu me za mu yi da abin da ke tare ruwa? Wlh na taɓa ganin wanda ya maƙale a rufe ya dafa inji a hanya fasinja suka kwana a daji. Oga ka nemi lagireto dabal sel kawai ka huta.

Abu Hanifa 82:

Direba Allah ya kiyaye hanya, amma a nan kam ban bika ba. Motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai duk da tamostat ɗinsu suke zuwa, kuma zafin can ba ƙanin namu bane. Aikinsa ba sanyaya inji bane ba kuma dafa shi bane, riƙe shi yake a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki. Na wannan Camry ɗin a digiri 82 yake fara buɗewa, a jikinsa ma an buga lambar, da ya buɗe gaba ɗaya kuwa baya tare komai. Wanda ka gani ya maƙale tsufa ya yi, canza shi ake yi, ai in taya ta fashe ba a cewa daga yau an daina sa taya.

Mai tambaya, shan man da kake kuka da shi daga nan yake. Motarka ba mai kafireto bace, kwamfuta ce ke auna mai, tana karanta zafin ruwa ta sensa, muddin tana ganin inji da sanyi zata yi ta zuba mai da yawa kamar yanzu aka tada ta da asuba, kai kuma kana can tsakar rana a Zoo Road. Rarar man nan yana wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai, a hankali ringi ya ci. Tun da aka cire tallafi a 2023 wa ke da man da zai yi wannan kyautar? In 'yar Amurka ce, daga 1996 duk suna da soket ɗin OBD2 na karanta matsalar mota daga kwamfutarta, ka sa a jona mata na'ura, kar ka yi mamaki in ta nuna P0125 ko P0128, lambobin da ke cewa inji baya kai zafin da ya kamata. Sannan a injina da yawa tamostat ɗin da ya buɗe shi ke rufe wata 'yar gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa cikin inji, in babu shi wani ruwan zai yi ta bin can bai je lagireto ba sam.

Abin da ba wanda ya ambata shine murfin lagireto, ga shi ɗan ƙarami amma shi ke riƙe matsin. Ruwa a buɗe a 100 yake tafasa, a Kano ma bai kai ba saboda tudu, amma murfi mai lambar matsi 0.9 in lafiyarsa ƙalau yana ɗaga shi zuwa kusan 120. Robar ta tsage shikenan, ruwa na tsiyayewa ta tankin gefe kana cewa gaskit ne ya shanye. Ledar fiya wata ɗinka ta sati ina zargin nan take tafiya. Kulant kuma ba don ƙanƙara kaɗai bane, maganin tsatsa ne, ka duba cikin butar shayin gidanku ka ga farin abin da ruwan burtsatse ke bari, to shi ke cikin 'yan siraran bututun lagiretonka.

Maman Biyu:

Ni ban san inji ba amma dan girman Allah kar wanda ya buɗe murfin nan mota da zafi. Ƙanina ya yi a hanyar Gwarzo da tsumma a hannu wai a hankali zai sassauta, har yau tabon na nan daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Ku jira ta huce ko da awa ɗaya ce.

Mai Fensir Layit:

'Yan uwa na dawo da bayani. Na yi gwajin Baba da safe, babu kumfa, tiyo bai ƙame ba, fulogi duk kala ɗaya sai dai sun yi baƙi sosai. Robar murfin kuwa da na taɓa ta a hannuna ta ruguje. Na kai wajen mai lagireto ya sauke shi, tsakaninsa da kondensar AC abin da muka kwaso sai ka rantse sheƙar tsuntsu ce, ƙurar hunturu ta daskare da gashin kaza da guntun leda. Da ya ɓalle tankin sama bututun da ruwa ke wucewa basu kai rabi ba, sauran sun cushe da wani abu ja-ja kamar laka, robar tankin ma ta koma ruwan ƙasa tana shirin tsagewa shi yasa ban yarda a soke a mayar ba, na je Ƙofar Ruwa na ɗauko wani. An sa tamostat, sabon murfi, kulant, riwaya ya mayar da fanka kan suwic yana ta gunaguni wai zan dawo. Jiya na je Zariya na dawo da AC, allura ta tsaya ɗan ƙasa da tsakiya bata motsa ba.

Saura abu ɗaya, da safen nan na ga ɗigo biyu ja a ƙasa ta ɓangaren fasinja, daidai ƙarƙashin murfin taimin.

Tsohon Bakanike:

Madalla. Ɗigon nan ka fara duba kilif ɗin tiyo, in a bushe suke to famfon ruwa ne, da can ma yana yi sai dai ruwa fari baya barin shaida a ƙasa, yanzu ga kala ga matsi ya dawo. A injin nan taimin bel ne ke juya famfon, don haka in za a sauke a canza su tare har da tenshina da silin gaba, aiki ɗaya kuɗin hannu ɗaya. Yaushe rabon da ka canza bel ɗin?

Mai Fensir Layit:

Baba wanda na saye ta da shi ne.