Taƙaitawa: shawarwari kan kula da sokawe a Birnin Kebbi

Ga abin da na tsamo daga tattaunawar da mutane suka yi kan kula da sokawe, wato ramin da ƙazantar bayan gida ke shiga:

1. Rami biyu ne. A na farko kashi ke kwantawa ƙasa, ƙwayoyin halitta su narkar da shi. Ruwan sama-sama ya zarce na biyu, ƙasa ta shanye.

2. Kowa ya yarda: kada a jefa famfas, leda ko audugar mata. Ba sa ruɓewa. Yawan zuba Hypo kuma yana kashe ƙwayoyin da ke aikin.

3. Nisa da rijiya: wasu sun ce mita 15 ya isa, wasu sun kafe kan 30. Ni dai ina bayan na biyun, musamman a fadamar Argungu inda ruwa ke kusa.

4. Kwashewa: mafi yawa sun ce duk shekara 3 zuwa 5. Masu gidan haya suka ce ina! Su ba sa kaiwa.

5. Ruwan indararo kada ya shiga. A ɗaura raga a bakin bututun iska saboda sauro.

6. Kada kowa ya sauka ciki, ko da fitila. Iskar ramin na kisa. A kira motar kwasa.