Tsofaffin kayan wasan yara: wanne zan riƙe, wanne zan saki?

Mai tambaya, daga Kaduna

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kuka na kawo. Shekara uku ke nan ina tsintar tsofaffin kayan wasa, duk inda idona ya faɗa sai na saya. Abin ya samo asali ne ranar da muke kwashe ɗakin Baba, Allah ya jiƙansa, muka tarar da ƙananan motocin ƙarfe guda biyar a cikin wata adaka, naɗe cikin tsohuwar hula. Tun daga nan Kasuwar Barci ta san ni. Yau ina da kwali huɗu a ƙarƙashin gado: motoci, jiragen sama, sojojin roba, kwaɗon gwangwani mai wani (wanda ake murɗa masa makulli ya motsa), har da guntayen Lego da ban san inda sauransu suke ba. Uwargida ta ba ni wa'adi zuwa bayan Sallah, in ban rage ba za ta kira 'yan jari-bola. Abin kunyar ma, in baƙo ya ce me kake tarawa, sai in tsaya ina sosa ƙeya. Ku da kuka riga ni, yaya kuka yi kuka tsaya a kan abu ɗaya?

Malamin makaranta mai ritaya, Zariya

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka. Kafin ka yi komai, juya motocin nan biyar ka karanta abin da aka rubuta a cikinsu.

Ni Matchbox kawai nake tarawa, ita ma ba kowacce ba, sai wadda kamfanin Lesney ya ƙera a Landan daga 1953 zuwa 1969. Dalilina na yarinta ne. Ina firamare wani kawuna ya kai ni Kaduna, muka shiga kantin Kingsway, na ga motocin nan jere a bayan gilashi, kowacce da ɗan kwalinta kamar na ashana. Na tsaya har sai da ya ja ni da hannu. Kuɗin guda ɗaya ya fi ƙarfin kuɗin tarana na makonni, ban kuwa samu ba. Sai da na haura hamsin na sayi ta farko.

Me ya sa na yanke a 1969? A 1968 Mattel na Amurka ya fito da Hot Wheels, masu siririn gatari da ke gudu kamar an hankaɗa su, yara suka koma can. Lesney ya ga ba sarki sai Allah, shi ma ya sauya tayoyinsa a shekara mai zuwa ya sa musu suna Superfast. Daga nan aka shiga fenti mai ƙyalli da motocin da babu irinsu a kan titi. Ni kuwa na fi son na da, masu ƙananan tayoyi baƙaƙe ko ruwan toka, tifa da motar kwana-kwana da Landiroba, irin waɗanda mutum zai iya gani a tashar mota. Wasunsu in ka leƙa ciki sitiyarin na dama, kamar motocinmu kafin a sauya hannun tuƙi a 1972. Jikokina sun sha mamakin wannan.

Daɗin Matchbox shi ne sun yi maka iyaka da kansu. Jerinsu lamba 1 zuwa 75 ne, sai dai a cire mota a sa wata a kan lambar. Na ja layi a littafin rajista irin na makaranta, kowace lamba da gurbinta. In na shiga kasuwa na san abin da ya kawo ni, in na ga abin da ba ya cikin littafin sai in yi masa kallon sha'awa in wuce. Gurbi 41 na cike a shekara goma sha shida, kuma ba na gaggawa.

Direba, daga Damagaram

Baba malam, Allah ya ƙara girma, amma ni ban iya bin lamba ba. A wajenmu ma ba Matchbox muka tashi muka gani ba, Majorette ce ta Faransa, ita ake kawo wa 'ya'yan ma'aikata daga Yamai. Ni iyakata guda ce: motar da na taɓa shiga ko na gani da idona a hanyoyinmu. Kamfani bai dame ni ba. Ina da Fijo 404 da 504 na Majorette da Norev da Solido, ina da Landiroba, ina da wata Berliet ta sahara da Dinky na Faransa suka yi, wadda na yi shekara biyu ina lallashin wani tsohon bakanike kafin ya sakar mini ita. Mahaifina irin waɗannan manyan motoci ya ja zuwa Agadas.

Ɗan'uwa mai tambaya, kai da kake Kaduna inda aka fara harhaɗa Fijo tun 1975, ai abin na ƙofar gidanka. 504 kaɗai ta isa ta riƙe ka shekaru, don akwai salun, akwai doguwa mai ɗaukar iyali, akwai a-kori-kura. Abu ɗaya za ka kula da shi, girma. Majorette ƙanana ne kamar Matchbox, su Dinky da Solido kuwa sun fi girma, yawanci 1:43 ne, wato kashi ɗaya cikin arba'in da uku na tsawon motar gaske. Na fara da cakuɗawa, kanta ta zama kamar garken awaki da raƙuma, sai da na raba musu hawa.

'Yar'uwa daga cikin birnin Kano

Sannunku. Na ga duk maza ne da motocinsu, bari in sako nawa.

Da farko 'yar tsanar Turawa na fara saye a gwanjon Ƙofar Wambai, har na samu Barbie biyu tsofaffi. Ranar da na jera su a shokes, Yayana ya shigo ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, ƙanwata, yara an yi musu rangwame, Nana A'isha ma ta yi wasa da 'yar tsana, amma ke da girmanki ki jera masu fuska a falo, ki dai tambayi malamai. Ban yi musu da shi ba. Zuciyata ma da ma ba ta kwanta ba. Na raba wa 'ya'yan ƙannena.

Abin da ya maye gurbinsu ya fi su daɗi nesa ba kusa ba. Na koma tara kayan ɗakin 'yar tsana, irin wanda muke yi wa aure muna yara: 'yan tukwanen laka, ɗan murhu, ɗan turmi da taɓarya, 'yan kwanonin gwangwani, ɗan faifai da bai wuce tafin hannu ba, gadon kara. Waɗannan ba su da tambari a gindi, babu littafin da zai gaya maka shekararsu, ba kuma wanda zai saye su da tsada. Don haka ni ce littafin. Duk wanda na samu sai in ɗaura masa 'yar takarda: daga wane gari, hannun wa ya fito, wane zamani ta ce ta yi wasa da shi. Mafi daraja a wurina wata 'yar tukunya ce da Gwaggo ta ce kakarta ce ta gina mata, bakinta ma ya ɓare. Tsofaffi dariya suke mini, su ce me za ki yi da tarkace, amma sai sun zaunar da ni awa guda suna ba ni labarin bikin 'yar tsanarsu da wadda aka yi faɗa da ita a kan gara. Yawanci kyauta ake ba ni, sai dai in kai goro ko turare.

Daga Gusau

Ni dai tarina ya tsaya a kan abin da 'ya'yan baƙi ba su gani ba. Yaro ya zo da uwarsa ya sa kuka, ka hana a ce kai marowaci ne. Mota goma sha biyu na yi asara a Sallah ɗaya. Ko me za ka zaɓa, ka fara da sayen kwaɗon kulle.

Ɗan'uwa mazaunin Ingila

Malam na Gusau ya faɗi gaskiya, har nan ba mu tsira ba.

Nan matsalar ta sha bamban, kaya ne suka yi yawa. Ranar Lahadi da sassafe mutane kan taru a fili, kowa ya buɗe but ɗin motarsa ya baje tsofaffin kayan gidansa. Watannina na farko duk abin da aka rubuta wa Dinky ko Corgi sai na ɗauka, har kuɗin cefane ya fara jin jiki. Abin da ya dawo da ni hayyacina kunya ce. Na sayi wata Dinky fes cikin kwalinta daga hannun wani a intanet, ina ta murna na yi tsintuwa. Na kai wa wani dattijo Bature da muke haɗuwa a kasuwar, ya juya ta kawai ya nuna mini rubutun da ke ƙasa: an yi ta a Sin. Ashe cikin waɗanda aka sake bugawa ne a 'yan shekarun nan. Masana'antar Dinky ta asali da ke Binns Road a Liverpool an rufe ta tun 1979. Ban karanta ba ne, ido ya rufe.

Dattijon ya ce mini wanda ke tara komai ba zai taɓa sanin komai sosai ba, shi ya sa ake cutarsa. Sai na tsaya a kan Corgi daga 1956, shekarar da aka fara su a Swansea, zuwa ƙarshen shekarun 1960. Su ne suka fara tallar cewa motocinsu na da tagogi, lokacin na Dinky ramuka ne kawai. Yanzu daga nesa ina gane tayar da ba ta asali ba. Masu kuɗi nan kwali suke bi, wani sa'in kwalin da bai yage ba ya kan ninka kuɗin motar. Ni na haƙura da wannan, na zaɓi waɗanda aka yi wasa da su, fenti ya ɗan goge amma ba abin da ya ɓalle. In zan dawo gida da su ma, gara ba ta san darajar kwali ba.

Matashi, daga Jos

Iyayenmu ku yi haƙuri, mu 'yan shekarun 1990 namu tsohon daban ne. Ni gem na hannu nake tarawa: Game Boy ɗin farko na 1989, Game & Watch guda biyu, da wannan mai jera bulo da ake rubuta wa 9999 in 1, wanda kowane gida ya sha faɗa a kansa. Dokata ita ce sai wanda ke kunnuwa. Darasin da na koya da tsada: kada ka ajiye shi da batir a ciki. Na bar wani wata shida, batir ya yi amai ya cinye ƙarfen. Tambaya nake, shekara talatin ta isa a ce abu tsoho ne, ko sai na jira?

Malamin makaranta mai ritaya, Zariya

Ta isa, ɗana. Ran da na tsaya a Kingsway, motocin nan sababbi ne fil.

Mai walda, Panteka

Ranka ya daɗe malam, ni ta hannun aiki na shigo. Abin da nake nema na gwangwani ne masu wani: jirgin ƙasa, kaza mai tsattsaga, babur. Na Jamus da na Jafan sun fi kyan aiki, na Shanghai sun fi samuwa a nan, za ka ga an sa musu MS da lamba. Rabinsu a mace nake samunsu wajen 'yan gwangwan da kuɗin kilo, in buɗe in gyara sifirin, su tashi. Na zaɓe su ne don su nake iya gyarawa, wanda ba shi da wannan hannun damina ɗaya tsatsa za ta gama masa da su. A gefe kuma ina ajiye motocin langa-langa da na waya da yaran unguwa ke ƙerawa, tunda da su muka koyi sana'a, kuma yanzu sai ka zaga unguwa uku ba ka ga yaro na jan ɗaya ba. Motar kara ce ta gagare ni, ba ta shekara biyu sai ta ruɓe.

Inda muka saɓa da masu tari shi ne fenti. Ni in abu ya ƙoƙe ina sake masa fenti, ya fito kamar ranar da aka saye shi.

Ɗan'uwa mazaunin Ingila

Haba maigida! Gyaran sifirin ba laifi, amma sabon fenti yana zubar da darajarsa ƙwarai. Nan ko kallonsa wasu ba sa yi.

Mai walda, Panteka

To ai ba sayarwa zan yi ba, ɗan'uwa. Jikana ne ke wana su yana dariya.

Mai tambaya, daga Kaduna

Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba malam, na juya motocin kamar yadda ka ce. Uku an rubuta Made in England by Lesney, biyu daga ciki masu ƙananan baƙaƙen tayoyi, ɗaya Superfast. Ta huɗu Majorette ce, Fijo 504 ruwan ƙasa-ƙasa, ƙofa ɗaya ta tafi. Ta biyar babu rubutu ko kaɗan. Da na nuna wa Inna Fijon sai ta yi shiru, can ta ce irin motar da Baba ya fara saye ke nan, ya sayo mini ƙaramar ne don in daina kuka in zai fita aiki. Ni sam ban tuna ba.

Na bi shawarar direbanmu na Damagaram, zan tsaya a kan Fijo, 404 da 504 da 505. Biyar ɗin Baba suna nan ko me aka rubuta a cikinsu. Daren jiya na zazzage kwalayen, abin da ya shiga sabon layin guda tara ne kacal, sauran sun cika kwali uku da rabi. Maigida na Panteka, kwaɗon gwangwanin naka ne, makullinsa ya ɓata amma da alama cikinsa lafiya, zan biyo da shi ranar Asabar. Baba malam, akwai Matchbox shida masu tsofaffin tayoyi ban da na Baba, ka duba littafinka ko akwai gurbin lamba 12 da 37. Hajiya ta Kano, Inna ta ce tana da ɗan turmi a ƙasan adakarta, amma sai kin zo da kanki kin ji labarinsa. Sojojin roba kuwa har yanzu ban samu mai so ba.