Muhawara: Shin ma'aunin pH ne ya kamata ya ja ragamar riyaktan kalsiyam?

Abu Khalil: Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kiwon murjani. Wata shida ke nan da na haɗa riyaktan kalsiyam a tankina mai cin lita 400, kuma na kai ga wani ra'ayi da nake son ku auna mini shi. A ganina, ƙirga kumfar iskar CO2 da agogo a hannu ɓata lokaci ne. Aikin riyakta shi ne a cika ta da tsakuwar aragonait (wani nau'in kalsiyam kabonet), a tura mata CO2 har ruwan cikinta ya yi tsamin da zai narkar da tsakuwar, sannan ruwan ya riƙa ɗiga cikin tanki ɗauke da kalsiyam da alkaliniti (ƙarfin ruwa na tare tsami), waɗanda murjani ke gina ƙashinsa da su. Tunda tsamin ne ke narkarwa, ai sai a sa sandar auna pH (ma'aunin tsami, wanda lambarsa ke sauka idan tsami ya ƙaru) a cikin riyaktar, a saita na'urar sarrafawa a kan 6.5, ita kuma ta riƙa buɗe bawul ɗin lantarki tana rufewa don sarrafa shigar CO2. Daga nan babu abin da ya rage wa mai tanki sai ƙara gudun ruwan fita daga riyaktar ko rage shi.

Ummu Safiyya: Wa alaikumus salam, Malam. Bayaninka a kan yadda na'urar ke aiki daidai ne, amma ban yarda da inda ka kai maganar ba, domin ka damƙa tankinka gaba ɗaya a hannun sanda guda ɗaya, alhali kuwa sandar pH ita ce abin da ya fi saurin yin ƙarya a cikin dukan kayan. Tana kaucewa a hankali ba tare da ta nuna alama ba, kuma ƙurar tsakuwa tana lulluɓe bakinta. A bara tawa ta riƙa nuna 6.6 alhali ruwan ya yi tsami fiye da haka sosai, na'urar kuwa ta ci gaba da zuba iska don ta kai lambar da na ba ta, har tsakuwar ƙasa ta zama kamar kunu, ta toshe bututun fita. Kwana biyu ban lura ba, alkaliniti ya faɗi daga 8 zuwa ƙasa da 6 a dKH, wato ma'aunin alkaliniti, kuma wasu rassan murjanin Acropora da na shekara biyu ina reno suka fara zubar da nama daga gindi. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Abu Khalil: Allah ya mayar miki da alheri, Hajiya. Amma da kin riƙa daidaita sandar da ruwan gwaji na 4 da na 7 duk wata, da hakan bai faru ba, saboda haka laifin na kulawa ne, ba na tsarin ba.

Ummu Safiyya: Na karɓi wannan laifin, sai dai tsarin da sakaci guda ke iya rushewa yana buƙatar wani shinge a bayansa. Yanzu da ƙaramin bawul ɗin allura nake saita iskar, in bar kumfa tana fita a hankali ba yankewa, na'urar sarrafawa kuma na saita ta ƙasa kaɗan da pH ɗin da riyaktar ke zama a kai, ta yadda ba za ta rufe iskar ba sai wani abu ya lalace.

Baban Hanifa: Ku ba ni dama in shiga, domin ina ganin ku biyun kuna jayayya a kan lambar da murjani bai san da ita ba. Murjani ba ya zaune a cikin riyakta. Abin da ke isa gare shi shi ne yawan alkalinitin da aka zuba wa tanki a yini, wato ƙarfin ruwan fita da kuma yawansa. Mu ɗauki tankin Malam Abu Khalil mai lita 400, mu ce yana shan dKH 1 kowace rana. Idan ruwan tankin yana kan 8, na fita kuma yana kan 25, to kowace lita da ta ratsa riyaktar ta ƙaru da 17. Raba 400 da 17, za ka samu kusan lita 23 da rabi a yini, wato kimanin mililita 16 a minti ɗaya. Wannan lissafin shi ne mafari, kuma ba ya yiwuwa sai mutum ya fara kashe duk wani ƙari na kwana ɗaya ko biyu ya auna abin da tankinsa ke sha da gaske. Lambar 6.5 kuwa ba doka ba ce, domin tsakuwa mai laushi tana narkewa tun pH bai sauka sosai ba, manyan gutsattsari kuma sukan buƙaci tsami fiye da haka. Ni kan bar kowane canji ya kwana aƙalla ɗaya, sau da yawa biyu, kafin in sake taɓa wani abu, kuma ina auna alkaliniti a lokaci guda kowace rana, ina canza abu ɗaya tak, ko iska ko gudun ruwa.

Abu Khalil: Yaya, ai lissafinka ni yake goya wa baya. Idan na'ura ta riƙe pH a wuri ɗaya, ƙarfin ruwan fita zai tsaya kusan a wuri ɗaya, sai gudun ruwa ya zama maɓalli guda da zan riƙa juyawa. Wanda ke saitawa da hannu kuwa, duk lokacin da ya ƙara gudun ruwa dole ya koma ya ƙara kumfa, in ba haka ba pH ɗin ciki ya hau, ruwan ya yi rauni.

Baban Hanifa: Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma na yarda da ita muddin famfon da ke tura ruwa cikin riyaktar mai matsa tiyo ne, wanda gudunsa ba ya canzawa. Idan da ɗan bawul kake maƙure ruwan fita, to zai riƙa toshewa da ƙura, kuma maɓallinka guda ɗin ma ba shi da tabbas.

Abu Maryam: Akwai abin da ban ji kowa ya ambata ba, kuma shi ya fi damuna a matsayina na sabon shiga. Kalsiyam ɗin tankina yana kan miligiram 360 a kowace lita, alkaliniti kuma 9. Na so in ƙara wa riyaktar ƙarfi har kalsiyam ya kai 420. Shin a tsarin Malam Abu Khalil sai kawai in sauke pH ɗin?

Ummu Safiyya: Kada ka yi haka, ƙanena, ko a tsarinsa ko a nawa. Tsakuwar kalsiyam kabonet ce, saboda haka tana sakin abubuwan biyu a haɗe bisa ƙayyadadden rabo, kimanin kalsiyam 20 ga kowane dKH 2.8. Kafin ka samu ƙarin 60 da kake nema, alkalinitinka ya haura 17, kuma tun kafin nan farin ɓawo zai fara kama hita da famfunanka. Ka ɗaga kalsiyam ɗin da kalsiyam kulorayid a cikin 'yan kwanaki, ka duba magniziyam ya kasance wajen 1300, sannan ka bar riyaktar ta riƙe abin da ka daidaita.

Baban Hanifa: Ka kuma sa ido a kan pH na tankin kansa, musamman da asuba kafin fitilu su kunnu, domin ruwan fita yana ɗauke da ragowar CO2. Nan ne nake da sauran saɓani da Malam Abu Khalil, saboda a tsarinsa hanyar biyan buƙatar murjani idan ya girma ita ce ƙara gudun ruwa, kuma hakan yana nufin ƙarin ruwa mai tsami a tanki. Ɗaki na biyu da ake haɗa wa riyaktar cike da tsakuwa yana shanye wani ɓangare na iskar, haka ma ɗiga ruwan kusa da mashigar sikima, wato na'urar da ke cire datti daga ruwa da kumfar iska.

Abu Khalil: Ban sauka daga ra'ayina ba, domin har yanzu ina ganin na'urar ta fi hannuna tabbas. Amma maganar Hajiya a kan bawul ɗin allura ta shige ni, domin nawa a buɗe yake sosai, kuma idan bawul ɗin lantarki ya maƙale a buɗe babu abin da zai tare iskar. Daren nan zan rage shi har na'urar ta daina yawan kunnawa da kashewa, in daidaita sandar, sannan in kawo muku awon alkaliniti na kwana bakwai a jere.

Ummu Safiyya: Ka haɗa da awon ruwan fita a rana ta farko da ta bakwai, Malam, domin da shi ne za mu ga ko ƙarfinsa ya tsaya a wuri ɗaya kamar yadda ka ce.