Neman Shawara: In Ci Gaba Da Jiran Yarjejeniyar Jami'a Ko In Nemi Karatun Fotoniks Da Kaina?

Ɗan Jekadafari:
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Shawara nake nema. Na gama digirin farko a Fiziks, na yi bautar ƙasa, yanzu ina koyarwa a wata sakandare a nan Gombe, ina kuma digiri na biyu. Abin da ya kwanta mini a rai shi ne fotoniks, wato ilimin sarrafa haske: lesa (na'urar da ke fitar da siririn haske mai ƙarfi), wayar faiba, na'urorin awo da haske. Tun da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a watan Maris na 2024, aikin banki ya yi ta cijewa, na zauna na karanta yadda saƙo ke bin zaren gilashi mai kaurin gashin kai, shi ke nan abin ya kama ni.

Damuwar ita ce ɗakin gwaje-gwajenmu babu lesa mai aiki ko ɗaya. Wani malaminmu ya ce an sa hannu a yarjejeniya da wata jami'a a Turai, za a fara musayar ɗalibai, in yi haƙuri. Shekara biyu ke nan shiru. Ga Baba ya fara zancen aure. In ci gaba da jira, ko in nema da kaina? In nema ne, ta ina?

Malam na Yelwa, Bauchi:
Wa alaikumus salam. Ɗana, jiran gawon shanu kake yi. Ba wai malaminka ƙarya ya yi maka ba, ana sa hannun, har hoto ake ɗauka. Amma irin wannan takarda galibi niyya kawai take bayyanawa, ba ta ɗauke da kuɗi. Je ka yi masa tambaya uku cikin ladabi: wane malami ne a can yake riƙe da maganar, wa zai biya jirgi da masauki, kuma ɗalibi nawa suka taɓa tafiya? In babu amsar ta farko, sauran biyun ma babu. Haɗin gwiwar da na ga ta yi rai, duk tsakanin mutum biyu ta fara, malami a nan da malami a can masu bincike iri ɗaya. Takarda daga baya take biyo su.

Ƙofar da zan nuna maka tana birnin Triyeste na Italiya, cibiyar binciken Fiziks ta ƙasa da ƙasa, ICTP, wadda Abdus Salam na Pakistan ya kafa a 1964, mutumin da ya samu kyautar Nobel a 1979. Don irinmu aka gina ta, domin shi kansa ya ɗanɗani zaman masanin Fiziks a inda babu abokin tattaunawa. Suna shirya taron horo kan ilimin haske a lokacin sanyinsu, na 'yan makonni, kuma ɗan ƙasa mai tasowa na iya neman a ɗauke masa kuɗin tafiya. Kada ka raina makonnin nan, a wurin shan shayi ake samun malamin da zai karɓe ka.

Sai shirinsu na STEP, wanda suke yi da hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Rajistar digirinka na uku tana jami'arka ta gida, kana da mai duba aiki a nan da wani a can, kowace shekara ka je ka yi wasu watanni a ɗakin gwajinsu ka dawo. Ni dai ita ce musayar da ta fi dacewa da mai iyaye tsofaffi. Amma sai ka kammala na biyun nan ka yi rajistar na uku, don haka daina jan ƙafa a kan aikin da ke hannunka.

'Yar Pantami (daga Jamus):
Malam ya yi gaskiya, sai dai ƙanena, in kana son digiri na biyu sukutum a waje, akwai hanya. Nemi Erasmus Mundus, tallafin karatu na Tarayyar Turai. Akwai shirin Europhotonics, shekara biyu, kana zagayawa tsakanin jami'o'i irin na Marsel a Faransa, Karlsruhe a Jamus da Barselona a Sifen. Wanda ya samu cikakken tallafin Erasmus ana ba shi Yuro 1,400 a wata ban da kuɗin makaranta, amma ka fara duba ko shirin yana da tallafi a shekarar da za ka nema. Gasa ce ta duniya, ba a yi wa kowa alkawari.

Akwai kuma garin Yena a nan Jamus, inda Carl Zeiss ya buɗe shagonsa a 1846, garin da har yau gilashi da madubin na'ura ke riƙe da shi. Makarantar fotoniks ta Abbe da ke garin tana koyarwa da Turanci. Kada "karatu kyauta" ya ruɗe ka: in ba ka da tallafi irin na DAAD, hukumar musayar ɗalibai ta Jamus, kafin biza sai ka nuna kuɗin zama na shekara a asusun da ake kullewa, tun daga ƙarshen 2024 Yuro 11,904 ne. Juya shi zuwa naira ka gani.

Abin da ya kusa kashe ni kuwa ba Turawa ba ne, takardar sakamakona ce ta gida. Wata huɗu ina zarya a wani ofis, har wa'adin farko ya wuce ni. Fara neman taka gobe, da fasfo, da shirin jarrabawar Turanci ta IELTS, don yawancin ƙofofin nan tsakanin ƙarshen shekara da farkon sabuwa suke rufewa.

Injiniya, Wunti:
Ni bari in ɓata muku lissafi. Ka je ka dawo, a ina za ka kunna lesar? Teburin gwaji ba ya son girgiza, madubi ba ya son ƙura, ga harmatan ɗinmu, ga wuta da kun san halinta. Shekarata tara ina gyaran faiba tsakanin Bauchi da Gombe, duk inda masu aikin hanya suka tsinke ta. Injin haɗa zare da na'urar gano inda waya ta karye su ne abincina. Hasken da muke turawa na nanomita 1310 ne da 1550 (ma'aunin tsawon zangon haske ke nan), ido ba ya ganinsa, kuma a 1550 sai ya yi wajen kilomita 15 kafin rabin ƙarfinsa ya ɓace. Wannan ma fotoniks ne, ba sai da biza ba. Zo ka bi mu aiki a hutu, ka riƙe zaren da hannunka. Gani ya kori ji.

Baban Yara, Tudun Wada:
Ban san komai a kan hasken nan ba. Amma kada Baba ya ji maganar tafiya a bakin wani. Ka samu ƙaninsa ko amininsa ku je tare, ka faɗa masa wata nawa ne, da wanda zai riƙe cefanen gida in ba ka nan.

Malam na Yelwa, Bauchi:
Injiniya, ban ƙi taka ba, tayin ma ya karɓa da hannu biyu, don wasiƙar da ke cewa "na haɗa faiba a kan hanyar Alkaleri" ta fi wadda ke cewa "ina sha'awar haske tun ina yaro". Amma ba kowane bincike ke son teburin miliyoyi ba. Ƙirar na'ura a kwamfuta, auna ruwan rijiya ko gurɓataccen man gyaɗa da haske, duba jini da madubin ƙara girma mai araha, duk ana iya ci gaba da su a nan da sola da batir. Zaɓi irin wannan tun kafin ka tafi, in ba haka ba ka dawo da takarda da baƙin ciki.

Kuma ku daina kallon Turai kaɗai. Akwai Cibiyar Lesa ta Afirka da ke Piritoriya, akwai ɗakin binciken Farfesa Andrew Forbes a jami'ar Wits ta Johannasbag, akwai cibiyar lesa da faiba ta jami'ar Kef Kos a Gana, wadda ko biza ba ka buƙata. Sannan ku tara abokan karatunku ku nemi buɗe reshen ɗalibai na Optica ko SPIE, ƙungiyoyin masana haske na duniya, suna ba rassa ɗan tallafi. Ku shirya wani abu a sakandarenka ranar 16 ga Mayu, Ranar Haske ta Duniya, ranar da aka fara kunna lesa a 1960. Ka ba yaran labarin Ibnul Haisam, wanda ya rubuta littafin ilimin gani shekara dubu da suka wuce, su san abin ba baƙo ba ne.

Ɗan Jekadafari:
Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na je wurin malamin namu yau. Ya ce wanda ya kawo yarjejeniyar ya yi ritaya bara, amma ya yarda zai rubuta mini wasiƙar shaida. Na cike takardar neman sakamako. Maganar Baba, Kawu ya ce mu bari sai bayan sallar Juma'a. Injiniya, ranar Asabar ba ni da aji, in shigo motar safe daga tashar Bauchi?

Injiniya, Wunti:
Shigo. Ka sauka a Wunti ka kira ni. Ka zo da takalmi rufaffe da hula, rami za mu shiga.