Gilashin ƙofar direba yana karkacewa idan zai hau: roba ce ko injin ɗaga gilashi?

Mai Tsohuwar Mota ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin ƙofar mota. Kusan makonni uku ke nan gilashin ƙofar direba yana ba ni matsala: idan na danna makunni zai sauka lafiya, amma wajen hawa sai ya yi nauyi, gefensa na gaba ya sunkuya, na baya ya ɗaga, har sai na sa tafin hannu na daidaita shi kafin ya shige mazauninsa. Tun jiya kuma na fara jin ƙara daga cikin ƙofar, kamar ana taka tsakuwa. Ban so in sayi sabon injin ɗaga gilashi alhali roba ce kawai ta lalace. Ta yaya zan bambance?

Tsohon Bakanike ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da farko ka daina danna makunnin nan har sai ka buɗe ƙofar, domin ƙarar da ka kwatanta ita ce ta fi damuna. Injin ɗaga gilashi iri biyu ne aka fi samu. Akwai mai kama da almakashi, wanda hannuwan ƙarfe biyu ke buɗewa da rufewa ta hanyar haƙora. Akwai kuma mai waya, inda siririyar wayar ƙarfe ke naɗuwa a jikin ɗan ganga, ta bi ta kan ƙananan tayoyi, ta ja wani mariƙi da gilashin ke zaune a kansa. Ƙarar tsakuwa alama ce ta mai waya, idan silin wayar ya fara tsintsinkewa yana cukurkuɗewa a jikin gangan. Ranar da ta tsinke gaba ɗaya, gilashin zai faɗa cikin ƙofa.

Amma a ganina robar ce ta fara jawo ɓarnar. Robar da gilashin ke bi ta cikinta, wadda ta kewaye firam ɗin taga ta gangara har cikin ƙofa, tana da laushi a ciki lokacin da take sabuwa. Rana da ƙura suna busar da ita, ta taurare ko ta nannaɗe, sai ta riƙe gefe ɗaya na gilashin, injin kuwa ya ci gaba da ja da ƙarfi har wayar ta gaji. Shi ya sa wanda ya canja injin ya bar tsohuwar roba yakan dawo da matsalar nan ba da daɗewa ba.

Ka cire murfin cikin ƙofar a hankali, ka ɗaye ledar da ke bayansa ba tare da ka yaga ta ba, domin ita ke hana ruwa shiga. Ka kwance ƙusoshin da suka haɗa gilashin da mariƙinsa, sannan ka ɗaga shi ka sauke da hannu. Idan ya zame sumul, laifin na injin ne. Idan ya cije a wani wuri, ka duba robar da kuma ƙarfen da ke riƙe da ita, wataƙila ƙusarsa ta kwance.

Mai Gyaran Waya ya amsa:

Ina goyon bayan Malam, sai dai zan ƙara gargaɗi. Ka cire kan batir na nagetif kafin ka kwance wani soket, musamman idan motarka tana da jakar iska ta kariya daga haɗari a cikin ƙofa. Kafin ka fitar da injin, ka tura gilashin sama ka manne shi da firam da tef mai ƙarfi. Idan kuma naka mai almakashi ne, kada ka raba moton lantarki da hannuwan ƙarfen sai ka tokare su, saboda akwai naɗaɗɗen sifirin a ciki mai iya fizgewa ya datse yatsa. Wajen ɗaure gilashin kada ka matse ƙusoshi fiye da kima, domin irin wannan gilashi ba ya tsagewa, tarwatsewa yake yi. Robar kuma kada giris ko baƙin mai su taɓa ta, suna kumbura ta. Feshin silikon ne nata, giris na hanyar ƙarfen da mariƙin ke bi ne.

Mai Tsohuwar Mota ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na buɗe ƙofar yau da safe, na tarar da abubuwan biyu duka. Wayar ta yi gashi-gashi kusa da tayar sama, robar gefen gaba kuma ta fita daga ƙarfenta ta naɗe kamar busasshen ganye, daidai inda gilashin ke sunkuyawa. Moton lafiyarsa ƙalau, don haka zan mayar da shi kan sabon injin. Tambayata ta ƙarshe: motar tana da tsarin rufe gilashi da dannawa ɗaya, shin zai ci gaba da aiki?

Mai Gyaran Waya ya amsa:

Yakan manta iyakarsa bayan an cire batir. A motoci da yawa, sai ka sauke gilashin har ƙasa, ka ɗaga shi har ya rufe, ka ci gaba da riƙe makunnin na 'yan daƙiƙu. Amma ka duba littafin motarka, domin tsarin ya bambanta. Ka gwada wannan kafin ka mayar da murfin ƙofar, kana kallon yadda gilashin ke shiga sabuwar robar.